Jinjina ga Masu Ajiye Irin Tumatir

Furen tumatir yakan yi wa kansa barbara, shi ya sa irin UC82B ko Roma da manomin rani ya ajiye a Kadawa yake fitowa kamar uwarsa. Amma wani lokaci ƙudan zuma kan ɗebo garin fure daga gonar maƙwabci, sai baɗi a ga baƙon tsiro a tsakiyar fangali. Da yawa tugewa suke yi. Jinjinata ga masu ɗaura masa tsumma su jira.

Aikin fitar da sabon iri daga wannan tsiro ba na mai garaje ba ne, kuma babu kamfanin da ke biyan ladansa. Shukar farko takan yi kyau. A ta biyu 'ya'ya suke rarrabuwa: wannan dogo, wancan kewayayye, wani ruwa tsululu, ko Zariya ba zai kai ba balle Legas. Nan ake gane gwani. Zai zaɓi mai kaurin fata da jure zafi, ya matse ƙwayar, ya bar ta ta yi tsami kwana 2 ko 3, ya wanke, ya shanya a inuwa. Kowace shuka tana rage gaurayen da rabi, don haka sai an maimaita sau 6 zuwa 8 kafin iri ya zauna. Mai haɗa rani da damina yana iya gamawa cikin shekara 3 ko 4.