Jinjina ga Masu Tsagar Lubban

Idan turare ya tashi a ɗakin amarya, mai haɗi ake yabo, alhali tushen ƙamshin yana hannun mutanen da ba a ambatonsu. Masu tsagar lubban na Dhofar a ƙasar Oman da na duwatsun arewacin Somaliya su ne suka fi cancantar jinjina. Bishiyarsu, 'yar'uwar hanon da muka sani a dazukanmu, kan tsiro ne a jikin dutse inda ruwa ya yi ƙaranci. Mai tsaga zai hau cikin zafin rana, ya kankare ɓawon da ƙaramar wuƙa, farin ƙaro ya tsatso kamar madara. Sai ya bar shi kusan mako biyu ya daskare, sannan ya dawo ya ɓamɓare. A gida kuma mata ke zama su tsince shi ƙwaya-ƙwaya, su ware mai haske daga mai duhu. Saboda tsufan fataucin lubban UNESCO ta sanya Ƙasar Lubban ta Oman cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Wasu za su ce yawan tsaga yana kashe bishiyoyin, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya gaji sana'ar ya san a bar bishiya ta huta, domin ita ce abincin 'ya'yansa. Abin da ke tura shi wuce iyaka shi ne ƙarancin kuɗin da dillalai ke ba shi. Maganin ke nan a fili: a biya su haƙƙin guminsu. Allah Ya sanya albarka a hannayensu.