Ranar Bloom: Yadda Masoyan James Joyce Suka Mayar da Littafinsa Kan Titi

Duk ranar 16 ga Yuni, titunan Dublin, babban birnin Ayalan, sukan cika da mutane sanye da tufafin zamanin kakanninsu, maza da malafa, mata da dogayen riguna. Masoyan James Joyce ke nan, sun fito raya littafinsa Ulysses, wanda aka buga a Paris a 1922. Labarin littafin kaf a yini ɗaya ya auku, wato 16 ga Yuni 1904, ranar da Leopold Bloom, mai nemo wa jarida talla, ya wuni yana zaga gari. Da sunansa ake kiran ranar.

Joyce bai ga wannan gata a gida ba. Ya bar ƙasarsa a 1904, rabonsa da ita tun 1912, ya rasu a Zurich a 1941. Sai a 1954 wasu marubuta, cikinsu har da Patrick Kavanagh da Brian O'Nolan, suka yi hayar keken doki biyu, suka tashi daga hasumiyar Sandycove inda labarin ya fara, da niyyar bin sawunsa har ƙarshe. Ba su kai ba, amma sun bar al'ada. A 1962 aka mayar da hasumiyar gidan tarihi.

Abin da ya bambanta waɗannan masoya shi ne sun ɗauki garin kansa a matsayin littafin. Dubi kantin magani na Sweny, inda Bloom ya sayi sabulu mai ƙamshin lemun tsami. Da aka daina sayar da magani a wurin a 2009, 'yan sa-kai ne suka karɓe shi. Tsofaffin kwalabe na nan jere a kan kanta, sabulun ma ana sayarwa. Baƙo ya shigo, a miƙa masa littafi, ya karanta nasa rabon da ƙarfi, na kusa da shi ya ɗora.

A nan ne amfanin al'adar yake. Ulysses ya yi ƙaurin suna wajen wuya, har mutane da dama suka bar wa malaman jami'a shi. Amma Joyce da kunne ya yi rubutu: hirar mashaya, tsegumin 'yan rakiyar gawa, zancen zucin mace a kan gado. Jimlar da ta gagari ido takan warware idan baki ya furta ta. Gidan rediyon ƙasar ya tabbatar da haka a 1982, lokacin da ya watsa karatun littafin gaba ɗaya, kusan awa 30 ba tsayawa.

Sai dai akwai abin dubawa. Bikin ya zama kasuwar masu yawon buɗe ido, kuma mutum na iya sa malafa, ya karya kumallo da soyayyiyar ƙoda kamar Bloom, ya ɗauki hoto, ya koma gida bai buɗe ko shafi ɗaya ba. Wannan ɗaukar ɓawo ne a bar ƙwaya.

Duk da haka, alherin al'adar ya rinjayi aibinta, domin kowace shekara tana sa sababbin bakuna su furta kalmomin Joyce a garin da ya haife su. Son marubuci na gaskiya shi ne a karanta shi, kuma masoyan da suka riƙe wannan su ne magadansa.