Takarda mai ruwan ɗorawa: inda Hugo ya tsaya

Kusan duk wanda ya bi ta lise ya san Jean Valjean, ko da bai karance Les Misérables ba. Abin da aka fi riƙewa shi ne satar burodi da alherin babban limamin coci. Ni kuwa ina ganin nauyin littafin nan na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862, yana cikin wata tambaya da ba a cika tsayawa kanta ba a aji: mutumin da ya fito daga kaso, ina zai samu aikin da zai ci tuwo? Hugo ya ɗora tambayar da kyau. Amsar tasa ce ban gamsu da ita ba.

Mu fara da inda ya yi daidai. Valjean ya shiga kason Tulon a 1796. Shekara 5 aka yanke mishi saboda burodi, aka ƙara 14 don ya gwada gudu har sau huɗu. A 1815 ya fito da abu biyu: faran 109 da ƴan kai, ladan wahalar shekara 19, da takardar tafiya mai ruwan ɗorawa wadda tilas ya nuna duk garin da ya sauka. Washegarin sakinsa, a Grasse, ya iske ana sauke kaya gaban wata masana'antar furen lemu. Ya nemi aiki, aka ba shi, ya yi da ƙarfinsa. Jandarma ya ratso, ya ce a ba shi takardu. Da marece maigidan ya biya shi ƙasa da sou 30 ɗin da kowane lebura ke amsa. Da ya yi magana, aka tuna mishi hanyar kaso. Wanga ɗan guntun labari ya fi min dogayen wa'azozin Hugo gaba ɗaya. Aikin dai an ba shi. Amma da aka gane ba ya da bakin kai ƙara, sai aka karya mishi farashi.

To, yaya Hugo ya fidda shi daga ramin? A ƙirga tare da ni. Na ɗaya, limami Myriel na Digne, wanda ya ce wa jandarmomi shi ya ba shi kayan azurfar da ya sata, har ya ƙara mishi da sandunan kyandir biyu. Na biyu, gobara: ranar da ya shiga Montreuil-sur-Mer wuta ta tashi, ya ceto yara biyu na kaftin ɗin jandarma, shi ke nan ba wanda ya tuna da zancen takarda. Na uku, sunan aro, Madeleine. Na huɗu, dabarar da ya gano ta yin baƙaƙen duwatsun ado da araha, wadda ta mai da shi attajiri, daga baya magajin gari. A zare ɗaya cikin huɗun nan, labarin ya zube. Wane ɗan kaso ne zai haɗa waliyyi da gobara da sabon suna da sa'ar kasuwa a rayuwa ɗaya?

Abin da ya fi ci min rai shi ne Pontarlier. Can hukuma ta tura shi, kuma daren da ya kwana gidan limamin an ba shi labarin aikin cuku da ake yi a yankin. Hugo bai kai mu can ba. Babin da nake so in karanta ke nan: Valjean da sunansa na yanka, takarda a hannu, yana sallama ƙofa ƙofa.

Wani zai ce ai manufar Hugo ke nan, ya nuna ƙarya kaɗai aka bar wa irin su. Akwai gaskiya a nan, don ranar da Madeleine ya faɗi sunansa gaban kotun Arras don ya kuɓutar da Champmathieu, muƙami ya tafi, masana'anta ta bi baya. Sai dai mai karatu na rufe littafin yana tausayin Valjean ne don ya saci burodin saboda ƴaƴan yayarsa bakwai, kuma ya fi kowa kirki. Wanda ya yi sata ba uzuri fa, ya ci sarƙarsa ya gama? Littafin ya koya mana mu yafe wa waliyyi, alhali shi wanda ya biya bashin hukuma ba yafiya yake roƙo ba, haƙƙinsa ne ya yi aiki.

Maganar ba ta Faransa ba ce kaɗai. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye na kwankur a ƙasar nan ya san ana neman kaziye wanda bai wuce wata uku ba. Mafi yawanmu ma ba ta dosiye muke samun aiki ba: gareji ne, ko shagon tela, ko babur na kabu-kabu, kuma mai babur zai tambaya wa ya tsaya maka. A Maradi ko Damagaram sunan aro bai ɓoye kowa, don tambaya ta farko ita ce ɗan gidan wa. Har wanda ya daɗe a tsare aka sallame shi ba hukunci, kaziyensa fari fat, unguwa cewa take ya yi kaso. Tamu takardar a bakin mutane take, ba ta yaguwa.

Shi ya sa nake kira gare mu, ƴan uwa masu rubutu: mu karanta Hugo, amma mu bar dogaro da waliyyansa. Mu rubuta maigidan gareji da ke tsaye da makullin akwatin kayan aiki a hannu, ga sabon yaro wanda ya yi shekara biyu a kaso, shi kuma yana da fita sallar Juma'a. Ko ya bar mishi makullin, ko ya sa a aljihu. Kowanne ya yi, akwai dalilinsa, kuma har yau ban ga littafin da ya saurari dalilin nan da gaske ba.