Gurasar Da Ba Ta Kan Taswira

Kwanakin baya wani abokin aikina ya sauka a Kano daga Legas. Shekara uku muna rubuta manhaja tare ta intanet, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba sai ranar. Da la'asar ya ce in kai shi inda zai ci abincin gari. Ni da aka yanke wa cibiya a birnin nan, sai ga ni ina zaro waya ina tambayar manhajar taswira. Ta jero mini wurare rututu, masu shawarma da baga da fiza da soyayyar shinkafa. Babu gurasa, babu waina, babu ɗanwake. Na kai shi ɗaya daga cikin masu tauraro huɗu da rabi. Ya ci, ya ce da daɗi, sannan ya ƙara da cewa irin wannan akwai shi a bakin layinsu. Maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan ya koma na ɗora wa kaina aiki. Mako shida ina zagaya wuraren cin abinci, da masu kayan zaƙi, da shagunan kayan masarufi. Na bi ƙa'idar da muke bi kafin mu saki manhaja: abin da ya yi aiki sau ɗaya bai zama hujja ba. Don haka kowane wuri sai da na je sau uku a lokuta daban-daban, da kuɗina na biya, kuma ban gaya wa kowa rubutu zan yi ba. Sunan unguwa zan faɗa, ban da sunan shago. Wanda ya ga halinsa a ciki, sai ya gyara.

Na fara da sababbin gidajen abinci na Nassarawa da titin Gidan Zoo. Bari in ba su haƙƙinsu tukuna. Akwai tsafta, akwai wurin wanke hannu, farashi a rubuce yake, kuma mace tana iya zama ita kaɗai ta ci abinci ba tare da an kafa mata ido ba. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne a garin da teburin mai shayi da rumfar mai tsire har gobe na maza ne.

Matsalarsu tana cikin takardar jerin abinci. Za ka ga kala arba'in, daga tuwon shinkafa har taliyar Italiya, alhali madafa ɗaya ce da kuku biyu. Sakamakon shi ne komai ɗanɗanonsa ɗaya, na dunƙule da kori. A wani wuri na ci miyar kuka da ko ƙamshin daddawa ba ta yi. A wani kuma wainar da aka kawo mini ɗumame ce, bayanta ya yi tauri, cikinta ya yi sanyi. Zuwana na uku a wurare da dama, rabin abin da ke cikin takardar amsarsa guda ce: ya ƙare. A jami'a an koya mana tsohuwar ƙa'idar masu tsarin Unix, wadda ke cewa kowace manhaja ta yi aiki ɗaya, ta yi shi da kyau. Ban san ƙa'idar ta shafi girki ba sai da na shiga cikin gari.

A Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, na tsaya a kan masu gurasa. Sunanta daga Larabci yake, daga kalmar da ke nufin abu mai faɗi kewayayye, kuma a Sudan ma akwai abinci mai wannan suna. Aikinta bai canza ba: a kwaɓa, a bari ya tashi, a manna a jikin tanderu mai zafi. Gurasa mai kyau takan yi ƙananan ramuka a ciki, ta yage ba tare da ta marmashe ba, bayanta da ɗan tabon wuta. Idan bandashe ce, ƙuli-ƙuli ne alƙali. Wajen mutum biyu ƙulin yana ƙamshin gyaɗar da ba ta kwana biyu da suya ba, man ya ratsa gurasar bai jiƙa ta sharkaf ba. Wajen na uku ƙulin ya sha haɗi da wani gari, yana maƙale wa mutum a dasashi. Dukansu babu wanda ke kan taswira.

Haka wata dattijuwa mai waina a wani lungu na Gwammaja. Sau uku na je, sau uku wainar iri ɗaya: gefe ya soyu, ciki laushi, ɗan tsamin ƙullun da ya kwana daidai misali, ga miyar taushe da kabewarta ta narke. Ƙarfe goma na safe ta tashi. Na tambaye ta, "Iya, ga ciniki haka, me ya sa ba kya haɗawa da ƙosai?" Ba ta ɗago daga kan tanda ba ta ce, "Ɗan nan, hannu biyu gare ni. In na juya ga ƙosai, wa zai juya wainar?"

Kada mai karatu ya ɗauka cikin gari babu aibu. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ke barbaɗa yaji. Miya mai tururi a baƙar leda ake ƙulla ta. Tsire har yanzu a takarda mai tawada wasu ke naɗe shi, kuma na ga tire a buɗe a gefen kwata, ƙuda na shagali. Iya girki ba ya wanke wannan laifi. Abin takaicin shi ne gyaransa bai kai kuɗin allon fitilar da sababbin wurare ke kafawa a ƙofa ba: murfi, cokali, buta da sabulu.

Sai kayan zaƙi, inda na fi jin ciwo. Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne, da su ake auna mutuncin gidan amarya. Yanzu sun fito kanti cikin robobi masu kyalli, abin da ya kamata a yi murna da shi. To amma alkakin gaske da ɓarzajjiyar alkama ake yin sa, a bar shi ya yi tsami, a soya, a tsoma a zuma ko a sukarin da aka dafa da tsamiya. In ka gatsa za ka ji tsakin alkamar a haƙori, tsami da zaƙi suna ja-in-ja. Mafi yawan wanda na saya a kanti fulawa ce da ruwan sukari, siffar alkaki ce kawai ta rage. Nakiya kuwa, wadda man shanu da citta da kanumfari da masoro ke sa ta daɗe ba ta lalace ba, na samu wadda aka yi da bota, ta fara ɗan wari tun kafin mako ya zagayo. A jikin robar akwai lambar waya da hoton fure. Babu ranar da aka yi, babu jerin abin da aka zuba.

Abin mamaki, daƙuwa da kantun riɗi da ake sayarwa a bakin makaranta sun fi riƙe gaskiyarsu. Kayan haɗinsu biyu ne ko uku, babu inda algus zai ɓuya. Haka baƙalawar da na saya a shagunan Labanawa, waɗanda kakanninsu suka zauna a Kano tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Tana da tsada, a sikeli ake auna ta, amma abin da na ci ran Litinin shi na ci ran Asabar. Sun ƙara kuɗi, ba su taɓa haɗin ba. Alkaki mafi kyau da na samu kuwa ba a kanti yake ba. Wata mata ce ke yi a gida, sai an ba da saƙo kwana uku kafin a karɓa, kuma kuɗinsa ya ninka na kanti. Araha ba ta ado.

Kayan masarufi su ne tushen duk abin da na lissafa. Kano ta raba kasuwanninta tun da daɗewa: hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba, 'ya'yan itace a 'Yan Lemo, sarin sukari da fulawa da taliya a Singa, kayan miya da na ƙamshi a Rimi. Daga nan suke gangarowa zuwa teburin mai tireda na bakin layi. Manyan kantuna na zamani sun zo da abu uku masu amfani: sikeli, farashi tsayayye, da ranar lalacewa a jikin kaya. Duk da haka Shoprite, da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, ta rufe reshenta na Kano a Janairun 2024, mai tireda kuwa yana nan. A ganina dalilin a fili yake. Yawancin gidaje cefanen yau suke yi yau, ƙullin sukari, ludayin mai, gwangwanin shinkafa. Mai tireda ya san wanda albashinsa ya makara, yana da littafin bashi, yana yin gyara. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, littafin nan ne ya ciyar da layinmu.

Sai dai amanar nan tana da ɓaraka. Na ga kwanon awo da aka buga wa gindi ya shige ciki. Na sayi man gyaɗa da ba ya ƙamshin gyaɗa ko an ɗora shi a wuta, da zumar da ta koma ƙanƙarar sukari a gindin kwalba. Wanda ya fi burge ni a duk zagayen wani mai kayan miya ne a Rimi. Na nuna daddawa na tambayi kuɗi, ya ce, "Malam, wannan ta waken suya ce. In ta kalwa kake so ga ta can, amma ta fi tsada." Da ya yi shiru ba zan gane ba sai miya ta dahu. Ya yi asarar 'yar riba, ya samu mai saye na dindindin.

Ban ce mugunta ce ta jawo algus ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai ya tashi. Yawancin alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, don haka tsadar dala kai tsaye take shiga tanderu. A farkon 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano kan kuɗin fulawa. Mai sana'a a irin wannan hali hanya uku gare shi: ya ƙara kuɗi, ya rage girma, ko ya sauya kayan haɗi ya yi shiru. Biyun farko ido na gani, mai saye ya yanke wa kansa hukunci. Ta ukun ita ce nake ƙi, domin ɓarnarta ta wuce aljihu. Yaron da ya tashi yana cin fulawa da sukari da sunan alkaki, shi ke nan a wurinsa wannan ne alkaki. Nan da shekara ashirin babu wanda zai nemi na gaske, don babu wanda ya san ya ɓace.

Wa zai tsare mana wannan? Taurarin taswira ba za su iya ba, kuma na san dalili domin irin lissafin da nake rubutawa ke nan. Tauraro matsakaicin ra'ayin waɗanda suka rubuta ne kawai. Wurin da 'yan'uwan mai shi biyar suka yaba zai fito da maki cikakke. Wurin da mutum ɗari ke ci kullum, amma babu mai rubutawa a cikinsu, lissafi bai san da shi ba. Masu bidiyon abinci ma ba za su iya ba. Da yawansu gayyatarsu ake yi, a cika musu tebur kyauta, kuma tun loma ba ta wuce maƙogwaro ba an lumshe ido ana cewa ba a magana. Wannan talla ce, kuma talla sana'a ce, amma a kira ta da sunanta.

Ragowar laifin namu ne. Kunya ta hana mu faɗa. Mukan ci abin da bai yi ba, mu ce madalla, Allah ya ƙara kasuwa, mu tafi ba mu dawo ba. Mai abincin bai san abin da ya kore mu ba, wanda ya iya kuma bai san abin da ya dawo da mu ba. Mu ne fa masu kwana muna muhawara a kan yadda marubuciya ta ƙare littafinta, muna cewa wannan babi ya yi, wancan an ja shi. Kwanon waina ma aikin hannu ne da tunani, ya cancanci irin wannan kulawa. Ba sai an ci mutuncin kowa ba. Ya isa ka ce, "Hajiya, na yau bai kai na rannan ba, ko an canza man ne?" Ya isa ka tambayi mai alkaki ko alkama ce, kuma in ya ce ita ce, ka yarda ka biya kuɗinta. Wanda ke neman na gaske a farashin na jabu, shi ma da hannunsa a algus.

Abokina ya ce zai dawo bayan salla. Wannan karon wayata tana aljihu. Za mu karya da waina a Gwammaja, mu ci bandashe a Jakara da rana, mu biya Rimi ya sayi daddawar kalwa ya kai wa mahaifiyarsa. Alkaki kuwa tun kwana uku kafin ya taso zan ba da saƙo. Na riga na gaya masa ya sauka da wuri, domin Iya ba ta jiran kowa bayan ƙarfe goma.