Baki Ɗaya, Rai Biyu

Littafin One na Sarah Crossan, mutuniyar ƙasar Ailan, ya fito a 2015, ya kuwa ci lambar Carnegie a 2016. Labarin Grace da Tippi ne, tagwaye 'yan shekara 16, waɗanda aka haifa manne da juna daga ƙugu. An tsara shi cikin waƙa marar ƙafiya, Grace kaɗai ke magana, don haka yaro mai karatu ya kan gane mutum biyu ne, kowace da halinta. Aibinsa a ƙarshe ya ke: ciwon zuciya ya sa tilas likitoci su raba su, Tippi ta rasu. Watau marubuciyar ba ta bari sun girma a haɗe ba. Lalle malami ya tambayi ɗalibansa: ashe zamansu tare bai isa labari ba, sai an sa wuƙa?