Gayya da Ƙwadago a Waƙoƙin Noma

Manazarta sun saba sanya waƙoƙin noma cikin rukunin waƙoƙin maza, tare da na dambe da na tauri. Wannan rabo yana da hujja, domin jigonsu shi ne jaruntaka. Makaɗin noma yakan zuga gwanin garma, ya yi wa rago zambo, ya ɗaukaka Sarkin Noma wanda ya tara dami dubu. Sai dai akwai abin da rabon yake ɓoyewa, watau waƙar noma ɗiyar gayya ce. A gonar gayya mai aiki da mai gona tsara ne, yau a taya ka, gobe ka taya wani. Saboda haka ne waƙoƙin makaɗa irin su Amali Sububu suka fi damuwa da wanda ya riga kai ƙarshen kunya, ba su cika tambayar ko gonar ta wane ne ba.

Da gandu ya soma watsewa, ƙwadago ya maye gurbin gayya, sai wannan tambaya ta zama ita ce babba. Ɗan ƙwadago kuɗin yini yake jira, kirari ba ya ƙara masa ko kwabo, mai gona kuwa ba ya bukatar ganga a bayan garmar shanu ko tarakta. Farin 1973 ya tura matasa birane. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 ya kai waƙar noma gidan rediyo, inda ta koma gargaɗi ga manomi, alhali da kirarinsa ce.

Abin lura kuma shi ne ƙasar Maradun, inda Musa Ɗanƙwairo ya gaji kiɗan noma kafin ya shahara da waƙar sarakuna. Nan ne ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonaki, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka harbe manoma a 1980. Salon da aka gina a kan yabon ƙarfin damtse ba shi da gurbin da zai sa manomin da aka raba da gonarsa.

Don haka bai kamata mai nazari ya tsaya ga ƙirga adon harshe kurum ba. Wajibi ne ya binciki wanda aka yi wa kowace waƙa, da shekarar da aka yi ta, da wanda ya biya makaɗin.