Darasin Zaman Lafiya a Jami'a da Kalmomin Sulhu na Ƙasar Gumel

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna wani darasi da ake koyarwa a jami'o'in Nijeriya, watau darasin zaman lafiya da warware rikici, a kuma auna shi da mudun ƙasa guda, ƙasar Gumel. An zaɓi Gumel ne domin ƙananan hukumominta huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sun tara irin rigingimun da darasin ke cewa yana da maganinsu: na gona da burtali, na kasuwa da iyaka, da na filin da gwamnati ke karɓa a hannun talakawa.

Ilmin nan ba tsoho ba ne. Johan Galtung, mutumin Norwe, shi ya jagoranci kafa cibiyar binciken zaman lafiya a Oslo cikin 1959. Jami'ar Bradford ta Ingila ta buɗe sashensa cikin 1973, Jami'ar Ibadan kuwa ta fara ba da digiri na biyu a kansa cikin 2000. Daga baya Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sa shi cikin darussan da kowane ɗalibi zai ɗauka, ko likita zai zama ko injiniya. Saboda haka yaron Gagarawa da ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, lalle ne ya gamu da shi kafin ya fita. Niyya kam mai kyau ce, ba mai musu. Abin tambaya shi ne, me yaron zai koma gida da shi?

Babban aibin darasin shi ne ana koyar da shi da harshen da ba a faɗa da shi. Manomi da makiyayi ba su taɓa zagin juna da Turanci ba, ba kuwa da Turanci ake shirya su ba. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaramin abu ne, a fassara kawai. To, amma fa ba ƙarami ba ne, gama hanyoyin sulhu na Hausawa a cikin kalmomin suke, wanda bai duba kalmomin ba kuwa bai ga hanyoyin ba.

A ɗauki abin da aka fi haddacewa a darasin. Galtung ya raba zaman lafiya gida biyu, ya kuma shimfiɗa bayanin sosai a wata maƙala tasa ta 1969: akwai wanda bai wuce rashin tashin hankali ba, akwai kuma wanda aka kawar da zaluncin da ke haifar da tashin hankalin. Ɗalibai na haddace wannan kamar wani baƙon abu daga Turai, alhali kuwa kowace tsohuwa a Sule Tankarkar ta san bambancin "an raba su" da "sun shirya". Raba faɗa aikin wanda ya iske ana dambe ne, ya janye wannan, ya ture wancan, ƙura ta lafa, amma kowa ya tafi da abinsa a ciki. Har ila yau akwai tazara tsakanin "an shirya su" da "sun shirya". A na farko wani ne ya yi aikin, su kuwa aka yi a kansu. A na biyu su ne masu aikin. Dattijo na iya shirya mutum biyu da safe, da maraice a ga ba su shirya ba. Nahawu ya riga ya tanadi darasin, saura malamin da zai nuna wa ɗalibi.

Haka sauran kalmomin, kowace da matakinta. "Shiga tsakani" tsayawar mutum ce da jikinsa da mutuncinsa. "Ban baki" lallashin wanda ya fusata ne shi kaɗai, tun ba a haɗa su ba. "Sasantawa" neman inda kowa zai rage wani abu ne. "Biko" na aure ne kaɗai, kuma ƙa'idarsa a fili take: ɓangaren miji ne ke takawa zuwa gidan iyayen matar da ta yi yaji, tattakin nan kuwa shi kansa rabin amsa laifi ne. "Sulhu" daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da "salihi" da "maslaha", watau gyara abin da ya ɓaci. Ba a ce darasin ba ya ambaton dattawa da sarakuna ba. Yana ambatonsu, amma a dunƙule, a ƙarƙashin suna guda na hanyoyin gargajiya, kamar a zuba gero da dawa da maiwa a buhu ɗaya a rubuta "hatsi".

Aibi na biyu ya shafi siffar mai shiga tsakani. Wanda darasin ya fi yabo shi ne baƙo, wanda bai san kowa ba, ba ya kuma da riba ko hasara a maganar. Yawancin wannan tunani ya biyo sawun littafin da Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard suka fitar cikin 1981, inda suka yi nasihar a ware mutane daban, matsala daban. A je da wannan nasiha karar Maigatari ran Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Nijar, fatake kuma na saye suna lodi zuwa kudu. Mai dabba Buzu ne ko Bafillace, mai saye wataƙila daga Legas ko Anaca, kuɗi naira ne a nan, sefa a can. Abin da ke riƙe da cinikin nan shi ne dillali da fatoma, kuma babu ɗayansu da ke baƙo ko maras riba. Dillali na cin la'ada. Fatoma ne ya saukar da mai dabba, ya ciyar da shi. In aka ce saniyar ta sata ce, ko aka tsaya a kan cikon kuɗi, su ake nema, don an san gidajensu, kuma in suka yi ƙarya yau ba su da kasuwa mako mai zuwa. Amanarsu daga sanayya take, ba daga nisa ba. A nan ba a ware mutum da matsala, mutumin ne jinginar.

Abin mamaki, masanan fannin sun san da wannan. Paul Wehr da John Paul Lederach sun rubuta cikin 1991, bisa abin da suka gani a Nikaraguwa, cewa mai shiga tsakani na cikin gida, wanda har an san inda ya karkata, sau da yawa ya fi baƙo samun yarda. Lederach ya ƙara a littafinsa na 1995 cewa mai koyar da sulhu ya fara tono abin da mutane suka sani, kafin ya ɗora musu nasa. Ilmin ya zo da wannan gargaɗi, a hanya ne ya zube, tsakanin manyan littattafai da 'yan takardun da ɗalibai ke haddacewa daren jarrabawa.

Kada kuwa a ɗauka cewa sulhun gida ba shi da nasa miki. Yana da shi, kuma shi ma a nahawu yake ɓoye. A saurari zaman ɓarna. Shanu sun shiga gona kafin a kau da amfani, an kai magana wurin mai unguwa ko bulama, an kira arɗo, an je an ga gona, an kimanta dami nawa aka ci. Dattijo ba zai ce "shanunka sun ci geronsa" ba. Zai ce "an yi ɓarna", sa'an nan ya ce "a yi haƙuri". Zagin aikatau "an" da "a" ba ya nuna kowa, amfaninsa ke nan: yana rufa wa mai laifi asiri har ya iya biya ba tare da an kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba. Hikima ce babba. Amma rigar da ke rufe mai laifi ita ce kuma ke rufe wanda aka cuta. "A yi haƙuri": wa zai yi? In aka bi diddigi, sau da yawa wanda ba shi da ƙarfi ne, ko matar da aka kora, ko ƙaramin manomi, ko baƙon makiyayin da ba shi da kowa a garin. Hausa kuwa ta bambanta "ba shi haƙuri" da "ya yi haƙuri". Wanda ya ba da haƙuri ya amsa cewa akwai hakki a kansa. Wanda aka ce ya yi haƙuri, ba tare da kowa ya ba shi ba, an danne shi ne da lafazi mai daɗi.

Malaman fiƙihu sun riga kowa lura da wannan. A babin sulhu na Muhtasar, Halil ya ɗauki sulhun da mutum ya karɓi wani abu daban maimakon abin da yake nema a matsayin ciniki ko haya, wanda kuwa ya karɓi sashen hakkinsa ya bar saura a matsayin kyauta. Ma'anar wannan mai nauyi ce. Ba a kyauta da abin da ba a tabbatar na mutum ba ne, ba a kuma yin kyauta bisa tilas. Shi ya sa zaman ɓarna mai kyau ke fara kimantawa, a faɗi adadi kowa ya ji, kana a roƙi rangwame. In aka tsallake kimantawa aka faɗa kan roƙo, ba sulhu aka yi ba. Littafin nan da Tuhfa ta Ibn Asim ana karanta su a zaurukan malaman ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, amma da wuya ɗalibin darasin zaman lafiya ya ji an kawo su a aji.

Akwai kuma inda kalmomin nan duka ke gazawa, nan ne jami'a ta fi kamata ta yi amfani. Wajen 2016 da 2017, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, an yi ta jayayya a kan fili mai faɗin hekta 12,000 da gwamnatin Jigawa ta ware wa kamfanin Lee domin noman rake da yin sukari, mafi yawansa a Gagarawa, ya kuma taɓa Sule Tankarkar da Garki da Taura. Gwamnati ta ce aikin yi ne da arziki ke tafe. Manoma da yawa suka ƙi rabuwa da gonakin gado, jaridu suka yi ta ɗaukar kukansu. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke wa ke da gaskiya. Abin lura shi ne, wa zai shiga tsakani? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da gini da aikin da aka zuba, ba ta ƙasar kanta ba. Hakimi da dagaci a ƙarƙashin gwamnatin suke. Kotunan sarakuna sun tashi tun gyaran 1967 da 1968, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar ikon En'e, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba sarakuna wani aiki ba. Wanda ke cin albashin ɗaya daga masu jayayya ba ya iya tsayawa tsakaninsu, sai dai ya zama ɗan aike. A irin wannan wuri "a yi haƙuri" ba ta da wani amfani, abin da manomi ke bukata shi ne wanda ya san doka, ya iya karanta taswira, ya iya bayyana masa da Hausa abin da zai sa wa hannu. Zaluncin da ke cikin tsari, wanda Galtung ya ce yana cutarwa ba tare da an ga mai dūka ba, ga inda za a gwada ma'anarsa, a tafiyar da ba ta kai yini ba daga ajin da ake haddace shi.

Haka rufe iyaka. An rufe ta cikin Agusta 2019, Maigatari na cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa a Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Bashin da ya maƙale tsakanin fatoma da baƙonsa a watannin nan, babu bulaman da ya jawo shi.

Ƙetaren iyakar kuma akwai abin koyo. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokokin ƙasar sun ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigimar gona da kiwo tare da rubuta abin da aka amince a takarda, hukuma kuma kan sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, domin makiyayi ya san lokacin da zai shigo da dabbobinsa. A wannan ɓangaren akwai dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, da hukumar manoma da makiyaya da Jigawa ta kafa zamanin Gwamna Sule Lamido. Garke ɗaya ne ke ratsa dokokin biyu a shekara guda. Ɗalibin da aka sa ya kwatanta su zai fi ƙaruwa a kan wanda aka sa ya lissafa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ƙofar gyara a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Sashen Hausa na iya neman gurbi a nan, tare da sashen shari'a da na nazarin zaman jama'a. Aikin farko na tattara kalmomi ne: a tura ɗalibai, har da na Kwalejin Ilmi ta Gumel, su zauna a zaman ɓarna da na gado da na biko, da izinin masu zaman, su rubuta lafazin da aka yi amfani da shi ba tare da sunan kowa ba. Su lura da wanda ya fara magana, da lokacin da aka faɗi adadi, da yaren da arɗo ya juya ya yi wa mutanensa magana da shi, gama Fulatanci da Manganci na da nasu kalmomin. Su lura ko wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya shigo ya sassauta zaman. Su kuma ƙirga sau nawa aka ce "a yi haƙuri", da wanda aka kalla sa'ad da aka faɗa.